Ƙyallen da Ya Tari Gwiwar Kalli

Asabar, 5 ga Yuli, 2008, bayan la'asar. Gashua.

Gwiwoyina lafiya lau. Duk wanda ya zo sai ya tambaya, har na gaji da amsawa, shi ya sa na rubuta a nan ko zan huta.

Ina zaune kan benci a barandar asibiti. Alhaji Kalli yana ciki, gadon da ke jikin taga. Mun haura shekara talatin tare: shi Babarbare, dillalin busasshen kifi a kasuwar Nguru, ni kuwa Bafulatanin Haɗejiya da ya tsufa yana koya wa yara tarihin sarakunan da ba su damu da su ba. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har yau ba a sami alƙalin da zai raba wannan shari'a ba.

Jiya muka taso daga Nguru za mu ɗaurin aure, a motar da ɗansa Babagana ya sayo masa daga Kwatano. Kalli bai iya tuƙi ba, ya ce bai ga dalilin koyo ba tunda Allah ya hore masa Bafulatani. Ni ke jan ta. Ba mu isa wurin ɗaurin auren ba. Iyakar abin da zan rubuta a kan jiya ke nan.

Ƙafarsa ta dama ko ƙwarzane babu. Ta hagu ta karye biyu a ƙauri, ƙashi ya huda fata, ƙoƙon gwiwa ya tsage.

Da ya farfaɗo da safe ya dube ni ya ce, “Fulata, an ɗaura auren?” Na ce an ɗaura. Ya ce, “To an cinye shinkafa ba mu. Wannan asarar a wuyanka take.” Na yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar.

Lahadi, 6 ga Yuli, da hantsi.

Ruwa tun asuba. Matata Suwaibatu ta aiko da fura daga gida. Furar tana nan a rufe.

Litinin, 7 ga Yuli, bayan azahar.

Likitan da ke duba shi, Dakta Hashim, yaro ne da zan iya haifa, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube. Ya ɗaga hoton ƙashi a hasken taga ya tambaye ni yadda Alhaji yake zaune a motar.

Duk Nguru an san yadda Kalli yake zama. In ya shiga mota sai ya tuɓe takalmi, ya bar ƙafar dama a ƙasa, ya naɗe ta hagu a kan kujera, ya jingina gwiwarta da dashbod, kamar yana kan tabarmarsa a rumfar kifi. Haka ya zauna a jirgin Makka, haka ya zauna gaban manajan banki. Bel kam yana ɗaurawa, ba don Allah ba, sai don motar tana ta tsuwa kamar jaririya har sai an ɗaura.

Likita ya gyaɗa kai. Ya ce, “Baba, ƙafar da ke ƙasa jakar iska ce ta tare ta. Irin waɗannan motocin suna da wata ƙarama a saitin gwiwa. Wadda ke sama kuwa ba a yi mata tanadi ba.” Ya ce nawa gwiwoyin ma ita ta cece su. Na dubi gwiwoyina kamar na aro su.

Sai ya ƙara da cewa ciwon ya sha ƙasa da ruwan hanya. In ya tsabtace, to madalla. In bai tsabtace ba, akwai abin da za a yi don a ceci sauran jikin. Ya faɗi kalmar. Ba zan rubuta ta ba.

Laraba, 9 ga Yuli, da yamma. Nguru.

An dawo da shi babban asibitin nan, Dakta Hashim ma nan yake aiki, can Gashua ranakun taimako yake zuwa. An yi tiyata. An soka wa ƙafar ƙarafa ta waje, an haɗa su da sanduna da kusoshi, ta koma kamar ginin da ba a gama ba. Umarni ɗaya ne: kada ta motsa.

Matarsa Ya Kaltum ta shimfiɗa tabarma a gefen gado da kwandon zarenta. Hula take ɗinkawa, aikinta ke nan tun tana amarya. Ba ta ce mini komai ba sai gaisuwarsu ta Barebari, “Wushe, Malam Sabitu, Allah ya kiyaye gaba.” Da ta zage ni da na fi samun barci.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan magariba.

Ba zafin ƙafar ke damun Kalli ba, salla ce. Tun ina saurayi na san shi a sahun farko, bayan liman ta dama, wurin da har dardumar ta yi masa rami. Yanzu yana kwance yana salla da ka. Na ce masa addini ya yi sauƙi, in ya samu lafiya sai a kai masa kujera masallaci kamar yadda ake yi wa tsofaffi.

Ya ce, “Kujera? Ni gwamna ne? In tsaya gaban Ubangijina ina zaune kamar na zo karɓar gaisuwa?” Ya taɓa baƙin tabon goshinsa. “Wannan ba da kujera na same shi ba. Ka gaya wa yaron nan likita, in gwiwa ba za ta kai ƙasa ba, ban ga amfanin duk wannan ƙarfen ba.”

Na ce gwiwa za ta kai. Ban san dalilin da na faɗa ba.

Asabar, 12 ga Yuli, da hantsi.

Babagana ya roƙe ni ta waya daga Fatakwal in je in ga motar, an jawo ta garejin Nagoggo. Na tafi a ƙafa. Masu acaɓa sun yi ta tsayawa, na ce ina son motsa jiki.

Gabanta ban kalla ba. Na zagaya na leƙa ciki. Manyan jakunkuna biyu suna rataye daga sitiyari da dashbod kamar harshen saniya. A ƙarƙashinsu, inda ido ba ya zuwa, ga wasu ƙanana biyu, ɗaya ta wajena, ɗaya ta wajen Kalli. Takalminsa yana nan a ƙasa, an jera shi a ladabce.

Nagoggo ya ce, “Malam, wannan balan-balan ɗin duk yankewa za mu yi, mu liƙe murfin da gam, mu fesa fenti. Ba mai ganewa.” Na ce to in wani ya saya ya yi karo fa? Ya ce, “Ai ba a sayen mota don a yi karo.” Na ce zan gaya wa Babagana, kuma na san abin da zai ce. Na karɓi reza na yanko ƙaramar ta wajen Kalli da hannuna. A aljihun dashbod na sami littafin motar, da Faransanci, bai taɓa ganin hasken Nguru ba. Na haɗa duka biyun na sa a hammata.

Nagoggo ya tambayi lafiyar gwiwoyina. Lafiya lau.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan azahar.

Na zauna da littafin da tsohon ƙamus ɗina na Faransanci wanda gara ta fara karantawa kafin ni. Suwaibatu ta leƙo ta ce, “Malam, jarrabawa za ka rubuta?” Na ce tsohuwar jarrabawa ce, mun riga mun faɗi, amsoshin nake dubawa.

Ga abin da na fahimta. A jikin mota akwai wata 'yar na'ura, aikinta kawai ta ji bugu. Ta san bambancin ramin hanya da karo, wanda a hanyar Gashua ba ƙaramin ilimi ba ne. In ta ji na gaske sai ta kunna wani sinadari, ya ƙone ya zama iska, iskar ta cika jaka kafin ido ya gama ƙiftawa. Jakar gwiwa ba ta fitowa kai tsaye ta daki mutum. Tana fasa murfinta ta ƙasa, ta hau sama tana bin jikin dashbod, ta shige tsakanin ƙauri da ƙarfe. Kuma ba gwiwa kaɗai take ceto ba. In gwiwa ta tsaya, mutum ba zai sulale ta ƙarƙashin bel ba, ƙugu da ƙirji sai su zauna inda aka yi musu tanadi.

Na yi shekaru ina koyar da mutanen da suka ci garuruwa da yaƙi. A cikinsu ban taɓa cin karo da wanda ya zauna ya yi tunanin gwiwar baƙo ba.

Talata, 15 ga Yuli, da safe.

Zazzaɓi.

Laraba, 16 ga Yuli, da yamma.

Zazzaɓi bai sauka ba. Ɗakin ya fara wani wari da kowa ke yi kamar bai ji ba. Ya Kaltum ta kunna turaren wuta, nas ta ce a kashe, aka kashe.

Na koma gida na shimfiɗa ƙyallen a tebur. Fari ne da ya ɗan yi toka, tsawonsa bai fi kamu uku ba, mai santsi, mai tauri, da ɗan gari a jiki kamar hoda. Na sa hannu ciki na tarar da wasu madauran ƙyalle da suka haɗa gaba da baya. Sai da na jima kafin na gane: don kada ta kumbura kamar tulu ne, ta tsaya a shimfiɗe kamar matashi, ta tari gwiwa biyu daidai. Wani ya gwada ta kamar tulu, ya ga ta ture ƙafafu gefe, ya koma gida ransa a ɓace, ya dawo washegari da wannan dabara. Haka nake zato.

Na sa masa suna Malam Mai Gwiwa. Ina ganinsa da tabarau da sanƙo, a wani gari mai sanyi, yana jera mutum-mutumi a kujera yana buga su da bango daga safe zuwa yamma, dogo da gajere, ƙato da ƙaramar mace, yana auna abin da cinyar kowanne ta ji. In matarsa ta tambaye shi me ya yi yau, sai ya ce ya rage wa wani karaya. Wa? Bai sani ba. Ba a ma haifi wasunsu ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, da hantsi.

Abin da ya faru da asuba nas ce ta gaya mini. Kalli ya ji kiran salla, ya ga Ya Kaltum ta fita alwala, ya zuro ƙafarsa daga gado da ƙarafanta duka zai yi sujada a ƙasa. Majinyacin gadon kusa ne ya yi ihu. Ɗinki ya buɗe, jini ya ɓata zani.

Dakta Hashim bai ɗaga murya ba, ina ganin bai iya ba. Ya ce, “Baba, ni ina ɗinkewa kana warwarewa. Ɗayanmu zai gaji.” Kalli ya ce, “Kai ne yaro, kai za ka fara.”

A waje likita ya sake faɗa mini kalmar nan, wannan karon da ranar da zai yanke shawara: Litinin mai zuwa. Na lura na rubuta rabin kalmar a cikin jimlar da ta wuce. Bari in bar ta haka.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan masallaci.

Wurinsa a sahun farko ba wanda ya tsaya. An matsa an bar ɗan fili kamar yana hanya.

Bayan salla mutane suka kewaye ni. Wani ya ce raƙumi ne ya gitta mana, wani ya ce kwalbati, wani ya ce ruwa ne ya rufe gilas. Na ce duk sun yi gaskiya. Suka ce Allah ya rufa asiri, ko ɗingishi ba na yi.

Asabar, 19 ga Yuli, da yamma.

Dangi sun cika baranda. Sun kawo maganar Yuguda, mai ɗorin Jakusko. An ce ya aiko da saƙo: a cire ƙarafan a kai masa, kafin azumi Alhaji zai durƙusa. Ban raina Yuguda ba, na san mutane da yawa da ke tafiya da ƙafar da ya ɗaura. Amma ƙashi yake ɗaurawa, mugunya ba ta jin ɗauri.

Babagana ya iso, ya ce a'a, suka ce yaro ne ɗan boko. Allurar Ya Kaltum ta ƙara sauri. Kalli kuwa kalma ɗaya ya ji a cikin saƙon, ita ce durƙuso. Ya ce a nemo a-kori-kura gobe da hantsi.

Na ce masa, “Bawana, ka yi tunani.” Ya ce, “Fulata, ka kai ni inda ka kai ni. Yanzu ka bar ni in kai kaina.”

Bai faɗa da nufin ya yi zafi ba. Na sani. Na sani.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan la'asar.

Zan rubuta wannan dalla-dalla, ina so in tuna.

Da safe na naɗe ƙyallen da littafin na tafi asibiti. Ban shirya magana ba. Na tarar an fara ɗaure kaya, kwanuka a buhu, buta a sama. Na zauna bakin gado na shimfiɗa ƙyallen a kan ƙafarsa mai lafiya.

Ya ce, “Likkafani ka kawo mini? Ai ya yi kaɗan, ko a nan ma rowar Fulani za ka yi?”

Na ce wannan ne ya tari gwiwarsa ta dama. Ya Kaltum ta miƙo hannu ta karɓa, ta juya shi ciki waje, ta bi ɗinkin da farce, ta kai shi kusa da ido. Ta ce, “Wannan ba ɗinkin gaggawa ba ne. Layi biyu, ko ɗaya bai kauce ba.” Ta nuna wasu shatoci a jikinsa. “Ka ga ninkin? Wani ne ya ninke shi a tsanake, kamar kayan jaririn da ba a haifa ba. Shekara nawa ya yi a cikin duhu?” Na ce motar ta kai biyar. Ta ce, “Yana jira.”

Sai na ba su labarin Malam Mai Gwiwa, da mutum-mutuminsa, da bangonsa, da matarsa. Na faɗa musu gaskiya cewa tabarau da sanƙon ni na ƙara. Sannan na buɗe littafin na nuna wa Kalli wani zane: mutum a kujerar gaba ya ɗora ƙafa kan dashbod, an ja masa jan layi biyu. Kusa da shi wani yana zaune ƙafafu biyu a ƙasa.

Kalli ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Wannan na farkon ai ni ne.” Na ce hular ce kawai babu. Ya ce, “Ashe ya san da ni.” Na ce ya san da kai, ya yi iyakar yinsa, abu ɗaya ya roƙa, a zauna yadda ya ce. Ƙafar da ta bi maganarsa ga ta nan. Wadda ta bi taka ga ta can.

Ya ce, “Musulmi ne?” Na ce ban sani ba. “Ya san zan biya shi?” Na ce ko sunanka bai sani ba.

Ya ɗora hannu kan gwiwar dama ya shafa ta kamar kan jika. Aka leƙo aka ce mota ta iso. Bai dubi ƙofa ba. Ya ce, “Mutum ya ɓata ƙuruciyarsa a kan gwiwata, na ba shi ɗaya na hana shi ɗaya. Ga wani yaron kuma yana ɓata tasa.” Ya juya ga Babagana. “Ka sallami direba, ka kai wa Yuguda goro da gaisuwata. Ka kira mini likita ya nuna mini yadda yake so in kwanta. Sau ɗaya dai a rayuwa bari in zauna yadda aka ce, in ga abin da mutane ke ji.”

Na fita baranda na daɗe ina duba wata bishiyar darbejiya da ba ta da wani abin dubawa.

Litinin, 21 ga Yuli, da hantsi.

Likita ya buɗe, ya wanke, ya rufe. Ya ce bai gamsu ba, amma zai ƙara mako guda.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan azahar.

Kalli yana kwance kamar an zana shi. Ko ƙuda ya sauka a ƙafar sai ya kira wani ya kora. Ya ce wa nas ta rubuta a takarda cewa shi ne majinyacin da ya fi kowa ladabi a jihar Yobe. Ta ce sai ta ga ƙarshen mako. Salla da ka, ba gunaguni, amma na ga yana kallon ƙasa in ya idar.

Juma'a, 25 ga Yuli.

Zazzaɓi ya dawo da yamma.

Asabar, 26 ga Yuli, da safe.

Na sake karanta shafin jakar gwiwa, ko da yake na haddace shi. Suwaibatu ta ce in na ƙara karantawa sau ɗaya za ta kai littafin murhu. Ta ajiye mini shayi a kansa don in ɗaga kai.

Wani abu da ban lura da shi ba a da: jakar tana sacewa bayan ta gama aiki, don mutum ya sami hanyar zaro ƙafarsa ya fita. Har fitar ma ya yi tunaninta. Ni kam na fita. Na tuna na fita da ƙafafuna, na zagaya ɗaya ɓangaren, ruwa yana dukana, ƙofar ta ƙi buɗewa.

Ya isa haka.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan azahar.

Dakta Hashim ya buɗe, ya daɗe yana dubawa, ya sunkuya ya shinshina. Ya ce naman ya yi ja, ja mai kyau. Ya ce ƙafar ta Alhaji ce, zai tafi da ita gida. Gwiwar hagu dai ba za ta ƙara lanƙwasuwa kamar da ba.

Ya Kaltum ta ajiye allura ta rufe fuska da gyale. Kalli ya ce, “To a kawo abinci. Ba na asibiti ba.”

Kalmar nan yanzu zan iya rubuta ta. Na ɗauki biro na ga ba ni da bukata.

Lahadi, 10 ga Agusta, da yamma.

Babagana ya hana Nagoggo liƙe murafan da gam. Ya ce ko a samo sababbin jakunkuna ko a sayar da motar a matsayin kayan gyara. Nagoggo ya ce mini ni na ɓata yaron da karatu. Na karɓi laifin da farin ciki.

Ya Kaltum ta ce in bar mata ƙyallen. Ban tambaye ta dalili ba.

Alhamis, 28 ga Agusta, da hantsi.

An cire ƙarafa, an sa siminti, an sallame shi. Yana tafiya da sanduna biyu yana zagin kowacce da sunanta. Babagana ya sayo farar kujerar roba don salla. Kalli ya sa a kai ta zaure a ɗora mata buhun kifi.

Juma'a, 12 ga Satumba, cikin azumi, bayan la'asar.

Yau ya fito masallacin unguwa, karon farko. Likita ya yarda da sharaɗi: ƙafar hagu a miƙe, kada ta ɗauki nauyi ko kaɗan. Ma'ana, duk Kalli, da tumbinsa da taurin kansa, a kan gwiwa ɗaya zai sauka.

A ƙofar masallaci Ya Kaltum ta aiko da ƙunshi. Ƙyallen ne. Ta wanke shi, ta cusa masa audugar rimi, ta ɗinke bakin da zaren hula shuɗi, ya zama ɗan matashi mai faɗin tafi biyu. Ɗinkin Malam Mai Gwiwa ba ta taɓa shi ba, nata ta bi gefensa kamar mai rakiya.

Liman ya duba ya tambayi ko mene ne. Kalli ya ce, “Tsohon abokin gwiwata ne, sun saba.”

Aka tayar da salla. Na tsaya a hagunsa, kafaɗata a ƙarƙashin hannunsa. Ya yi ruku'u lafiya. Da liman ya yi kabbarar sujada sai na ji duk nauyinsa a wuyana, yana sauka a hankali, ƙafar siminti tana zamewa gefe. Gwiwar dama ta sami ƙyallen. Na ji numfashinsa ya tsaya, sannan na ji ɗan sautin goshi a kan darduma.

Ya daɗe. Liman ma ya daɗe, fiye da al'adarsa, kuma duk sahun ba wanda ya yi tari.

Da aka sallame bai ɗago ido ba, ya ce ƙasa-ƙasa, “Fulata, na sa mutumin nan a addu'a. Na ce Allah ya san sunansa.” Sai ya gyara murya. “Babagana ya bar mini tasa motar. Bayan ƙaramar Salla akwai ɗaurin aure a Gashua, kuma kana da bashin shinkafa. Kai za ka ja.”

Na ce ban taɓa sitiyari ba tun ranar. Ya ce ya sani, duk Nguru ta ga ina yawo a ƙafa kamar mai neman ɓataccen raƙumi. Ya ce, “Ƙafa biyu a ƙasa zan zauna, da takalmi. Ka ɗaga ni, bawan banza, gwiwa ta fara magana.”

Na durƙusa na ɗaga shi. Gwiwoyina lafiya lau. Yau ne karon farko da na rubuta haka ban ji kunya ba.